Labulen Buhu Tsakanina da Surukina

Abin da ya fara ba ni mamaki a Abijan ruwan sama ne. Mu a Barmu, arewa da Tawa, sai an yi ta duban gabas ana addu'a kafin hadari ya yarda ya sauka. Can kuwa ba ya ko sallama, kana tsaye da jakarka zai jiƙa ka, ya tsaya, ya dawo ya ƙarasa abin da ya rage. Haka na isa masaukin mutanenmu na Adar a unguwar Ajame, jiƙe sharkaf, aka nuna mini tabarma a bakin ƙofa inda kowa ke tsallake ni in zai fita alwala.

Ban yi sati ba aka cuce ni. Wani mai kwat da takalmi mai ƙyalli ya zo masaukin ya ce yana ɗaukar masu gadi, amma sai ya gwada ƙarfinmu tukuna. Ya kai mu wani fili, muka sare ciyawa, muka tone kututture, muka kwashe bulo daga bakin hanya zuwa ciki. Ranar da aiki ya ƙare muka nemi mai kwat muka rasa. Mai filin ya ce shi ya sallame shi tun farko, kuma bai san da zancen gadi ba. Ban yi kuka ba, amma na daɗe zaune a kan bulon da na ɗauko da kaina, ina duban tafin hannuna.

Daga nan na koma turin kura a kasuwa. Wanda ya riƙe ni a lokacin wani mai sayar da garba ne, mutumin Takanamat. Garba acake ne, wato dambun rogo, da soyayyen kifi, kuma mutanenmu ne suka fi sayar da shi a garin. Da ya ji harshena sai ya riƙa ɗora mini kan kifi a sama ba tare da ya dube ni ba, kamar hannunsa ne ya yi kuskure. Ina ci ina tuna furar matata Zuwera, wadda na baro da goyo. In na kira ta sai in ce komai lafiya lau, aiki na tafiya. Ita kuwa ta san muryata fiye da yadda nake so. Wata rana ta ce, "Sha'aibu, tarin ga naka ba na mai jin daɗi na ba."

Na san mahaifinta yana San Pedro, garin bakin teku, ya shekara da shekaru yana dako a magazar koko, wato babban ɗakin ajiyar 'ya'yan koko. Da gangan na ƙi nemansa. Wanda bai tashi a wajenmu ba ba zai gane nauyin suruki ba. Tun da aka ɗaura aurenmu ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a lungu sai in cire takalmi in durƙusa tun daga nesa. Abin da ya fi duka girma shi ne ci: mutum ba ya tauna a gaban uban matarsa, ko gyaɗa ce. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini wannan, da shi na buɗe ido.

Zuwera ce ta tona ni. Ina tsakiyar kasuwa waya ta yi ƙara, na ji muryar Baba, mahaifinta, sai na tsinci kaina durƙushe a cikin taɓo da waya a kunne, masu wucewa suna kallona.

Ya ce, "Ɗan nan, kana ƙasar ga ba ka neme ni ba? Ka shigo mota gobe. Na yi ma magana wurin aiki."

Na ce, "To, Baba."

Hanyar San Pedro doguwa ce, daji a rufe dama da hagu, itatuwan roba a jere kamar an auna su da igiya. Na iske Baba a tasha. Ya rame fiye da yadda na san shi, gemunsa ya yi fari tas, amma kafaɗunsa na nan. Ya kai ni ɗakin wasu samari 'yan Tebaram, nesa da nasa. Na gane dalili, kuma na gode masa a raina. Ya yi ne don in samu inda zan miƙe ƙafa in ci tuwona ba da fargaba ba.

Magazar babba ce ƙwarai, rufin kwano, an kewaye ta da katanga. Manyan motoci na shigowa da koko daga ƙauyuka, mu sauke, a auna, a sake zubawa a sababbin buhuna, mata su ɗinke baki, mu jera har kusa da rufi. Warin koko mai tsami yana shiga tufa ya ƙi fita. A cikinmu akwai Mosawa, da Bawule, da 'yan Mali, mu biyu ne kawai daga Nijar.

Ranar farko, da rana ta take tsaka, aka buga wani tsohon ƙarfen mota da ke rataye. Kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Wani ya sauke buhu a tsakiyar hanya ya bar shi nan. Na tsaya ina mamaki, sai wata mata mai jiki, da allurar ɗinkin buhu soke a ɗankwalinta, ta yafito ni. Sunanta Madam Akisi, ita ce wakiliyar da ma'aikata suka zaɓa. Da ɗan Faransancina na firamare muka fahimci juna.

Ta ce, "Sabon zuwa, wannan shi ne lapoz, hutun rana. Ba kyautar shef, shugaban wurin nan, ba ce, doka ce ta ba mu. Za ka ci abinci, ka huta, in kana salla ka yi. Kafin a riƙa buga ƙarfen nan mun sha wuya a gidan nan. Ko mota ta shigo, ta jira."

Ni da na fito daga hannun mai kwat, jin cewa akwai dokar da ta san ɗan dako yana jin yunwa ya yi mini daɗi har cikin raina. Na sayi shinkafa a wurin matar da ke kawo abinci, na bi mutane. A nan na ga matsalar. An hana ci a cikin magaza saboda ɓeraye, kuma ba a buɗe babbar ƙofa sai yamma. Wuri ɗaya ne tak aka yarda a ci abinci, wata 'yar rumfar kwano mai benci biyu suna fuskantar juna. Baba na zaune a tsakiya, ya buɗe kwanonsa.

Na juya kamar na manta wani abu. Na ba wani Bamoshe shinkafar, na sha ruwa a famfo, na yi salla, na koma ciki. Zama haka kawai a magaza sai ya yi kama da laɓewa, don haka na ɗauki tsintsiya. Da na gama shara na ga buhun nan da aka bari a hanya, na kai shi wurinsa. Washegari ma haka. Na ce a raina abin mai sauƙi ne, ai mun saba da azumi, in na koma ɗaki da yamma sai in rama.

Bayan 'yan kwanaki na lura da wani abu. Ana buga ƙarfe, Baba zai shiga rumfa ya ɗan zauna, kafin mutane su gama wanke hannu ya rufe kwanonsa ya fito. Zai wuce ta gabana yana gyaran murya, bai dube ni ba, ya shige can ƙuryar magaza ya kama jera buhuna. Sai daga baya na gane cewa wuri yake bar mini. Ya san abin da ya hana ni ci, shi ma kuma kunya ba za ta bar shi ya ce mini komai ba. A lokacin kuwa abin da na gani kawai shi ne dattijo yana aiki. A gonar gandu a garinmu, yaro ba ya ajiye hauya alhali ta babba tana hannunsa. Sai na bi shi ƙuryar, na kama ɗaya gefen.

Haka muka zama abin kallo. Rumfa cike da mutane suna ci suna hira, mu biyu muna ciki muna ɗaga buhuna, kowa yana jiran ɗaya ya je ya ci. In ya dube ni sai in sunkuyar da kai. In ya yi gyaran murya sai in ƙara sauri, a zatona cewa yake na yi sanyi. Yau in na tuna ina dariya, amma dariyar ba ta yin nisa.

Shef ɗin magazar mutum ne mai ido. Bai yi faɗa ba. Wata rana dai mota ta shigo ana cikin lapoz, sai ya yafito mu biyu, muka sauke ta. Washegari mota biyu suka zo a daidai lokacin. Ya leƙa rumfa ya ce wa matasan, "Ga tsoho can yana aiki, ku kuna zaune." Wasu suka tashi da abinci a baki. A hankali ƙarfen ya fara makara, wata rana ma ba a buga shi ba sam. Shef ya ce ai ba a tilasta wa kowa ba, 'yan Nijar da kansu suka nuna hutun bai zama dole ba.

Mutane suka daina amsa gaisuwata. Bamoshen da nake ba shinkafa ya ƙi karɓa. Madam Akisi ta tare ni a bakin famfo, ta ce, "Me ya yi maka alkawari? Zai naɗa ka shugaba ne?"

Na ce ba komai.

Ta ce, "To me ya sa? Hakkin da doka ta ba ka, in ka taka shi da ƙafarka, ba naka kaɗai ka taka ba. Akwai masu ciki a cikin matan nan."

Ta yaya zan gaya wa baƙuwa cewa kunyar tauna nake ji? Na ga kamar in na faɗa da baki na tozarta Baba.

Ranar da abin ya faru ana zafi mai ɗanko, irin na bakin teku. Ana sauke mota da tsakar rana, Baba yana gabana da buhu a kafaɗa. Na ga ƙafafunsa sun harɗe. Buhun ya zame, shi kuma ya durƙushe a hankali kamar mai shirin sujada, sannan ya kife. Na riga kowa isa. Rigarsa ta jiƙe da gumi mai sanyi, hannunsa yana rawa, idonsa a buɗe amma bai san ni ba. Ban taɓa taɓa jikinsa ba sai ranar. Na ɗora kansa a cinyata ina kiran "Baba, Baba", ban san abin da zan yi ba.

Madam Akisi ta ture mutane ta shigo da kofi, ta dama sukari da ruwa. Da ya ɗan motsa ta riƙa ɗiga masa a baki kaɗan-kaɗan har ya iya haɗiya. Tana yi tana yi mini faɗa.

"Ba ka san yana da ciwon suga ba? Kullum da safe yana shan magani, likita ya ce lallai ya ci abinci da rana, in bai ci ba maganin zai kayar da shi. Shekaru yana cin abincinsa a kan lokaci. Sai da ka zo."

Ban sani ba. Zuwera ma ba ta sani ba, ya ɓoye wa gida. Na dubi rumfa, na hango kwanonsa a rufe a ƙarshen benci, inda yake barinsa kullum. A nan ne na gane gyaran muryar nan da fitowar nan da wuri. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na ga kaina ina kiran Zuwera ina gaya mata mahaifinta ya rasu a hannuna saboda ya bar mini benci.

Da ya farfaɗo ya ga inda kansa yake, sai ya yi ƙoƙarin tashi. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ɗan nan, kai ka ci?"

Shef ya zo ya tsaya a kanmu. Ya ce tsohon da ke faɗuwa ƙarƙashin buhu ba zai iya aikin nan ba, gara ya koma gida ya huta. Baba ya sunkuyar da kai. Na san abin da aikin nan yake riƙe da shi a Barmu, na kuma san a garin ba kowa ke ɗaukar mai farin gemu ba.

Madam Akisi ta ce ba tsufa ya kayar da shi ba, rashin hutu ne, kuma in an sallame shi za ta kai maganar ofishin kula da ma'aikata. Shef ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Wa ya hana shi hutu? Su biyun da kansu suka zaɓa. Ki tambaye su."

Kowa ya juyo gare ni. Baba na zaune a ƙasa, jingine da buhu, tazararmu ba ta kai taku ba. Na juya masa baya, don ba zan iya faɗa ina fuskantarsa ba, na ce da Faransancina mai karyayyiyar ƙafa, "Ba mu zaɓa ba. Uban matata ne. A wurinmu ba a ci a gaban uban mata. Rumfa ɗaya ce. Ni na bar masa, shi ya bar mini. Yunwa muke ji kamar kowa."

Wani ya fashe da dariya, wasu suka bi shi, har da masu jin haushina. Bamoshen nan bai yi dariya ba, ya ce su ma a ƙauyensu akwai irin haka, da ya sani da ya gane tun farko. Madam Akisi ta dube ni, ta dubi Baba, ta girgiza kai, ta ce, "Don wannan kuka kusa kashe mana mutum, kuka kusa kashe mana lapoz?" Amma muryarta ta yi laushi.

Ta je da kanta ta buga ƙarfen, ko da yake lokaci ya wuce. Mutane suka tafi rumfa gaba ɗaya, aka bar mota a buɗe da sauran kaya. Shef ya tsaya ya dubi motar, ya dubi rumfa, ya koma ofishinsa. Bai sake tayar da zancen sallamar Baba ba, kuma daga ranar ƙarfen bai ƙara makara ba.

Washegari da aka tashi hutu na iske an canja rumfar. Madam Akisi da matan sun farke tsofaffin buhuna sun ɗinke su wuri ɗaya, sun ɗaura a igiya, labule ya raba ƙarshen benci gida biyu. Bai kai ƙasa ba, ya bar kamar taƙi ɗaya. Ta kama hannun rigata ta zaunar da ni a gefe ɗaya, ta ce, "Ba ya ganinka. Doka ta ce ka ci, al'adarku ta ce kada ya gani. To ga shi, kowa ya samu nasa."

Na zauna da shinkafata ina jin numfashinsa a bayan buhu. Na kasa kai loma. Can sai na ji ƙarar cokali a kwanonsa, sau ɗaya, ya tsaya. Na gane jirana yake. Na sa cokalina na buga kwano da gangan, na ci. Sai nasa ya ci gaba. Muna cikin haka na ga murfin kwano yana shigowa ta ƙarƙashin labule, da rabin kifi a kai. Na cinye, na mayar da murfin ta inda ya fito.

Haka muka yi har ƙarshen zamana a San Pedro. Ban taɓa ganin bakinsa yana tauna ba, shi ma bai ga nawa ba, amma ban taɓa cin abinci da wani mutum kusa haka ba. Ta bayan buhun nan ya ba ni labarin yarintar Zuwera, da shekarar da fari ya kore shi daga gona, duk yana magana kamar da labulen yake yi. In na yi jinkirin loma sai ya ce, "Ban ji cokali ba."

Ni na fara dawowa gida, shi ya biyo baya da ƙarfinsa ya ƙare. A Barmu muka koma yadda muke, in na hango shi in cire takalmi. Bara ciwon ya kwantar da shi, idonsa ya raunana, ya daina son abinci. An yi lallashi, an yi faɗa, sai ya kawar da kai. Zuwera ta dawo daga gidansu da ido ja, ta ce, "Ko hura ba ya karɓa. Ya ce bakinai ba ya so."

Na ce ta zuba mini tuwo a kwanon ƙarfe, ta ba ni cokali. Ta dube ni, don ta san da hannu nake cin tuwo, amma ta zuba. Da rana ta take tsaka na tafi gidansu. An shimfiɗa masa tabarma a inuwa, jikin zanan da ya kewaye tsakar gida. Ban shiga ba, na zagaya ta waje na zauna a ƙasa daidai inda nake jin numfashinsa. Na sa aka ajiye nasa kwanon kusa da hannunsa, aka ba mu wuri.

Na ce, "Baba, an buga ƙarhe."

Na sa cokali na buga kwano, na ci loma ɗaya, na tsaya. Na sake bugawa. Can sai na ji tabarma ta motsa, na ji murfi ya faɗi, sannan ƙarar cokalinsa, a hankali. Hawaye suka zubo mini, na tsaya da lomar a baki.

Ta bayan zana ya ce, "Ɗan nan, ban ji cokali ba."